Zazzaɓin Amarya

Mu mutanen Tungan Maje tsakanin kuɗi biyu Allah ya zaunar da mu. In ka yi arewa, ka wuce Zuba kaɗan, ga Dutsen Zuma can tsaye, wanda hotonsa ke bayan naira 100. In ka gangara kudu, ka bar mahaɗar Giri, ka ratsa Gwagwalada, sai Kwali, garin Ladi mai ginin tukwane, wadda ke bayan naira 20. Na sha faɗa wa uwargidana cewa wanda ke kwana tsakanin kuɗi da kuɗi bai kamata ya mutu matsiyaci ba. Ita kuwa takan ce in haɗa su in gani, ɗari da ashirin ne, ko ɗan acaɓa ba zai kai ni bakin titi da su ba.

Maganar ta tashi daga wasa ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi. Ni ma'aikacin ofis ne a cikin Abuja, kullum sai na bi ta Zuba da Dei-Dei da Kubwa, tafiya da dawowa, albashina kuwa ko a jikinsa, kamar bai ji abin da ya sami fetur ba. Sai na zauna na yi lissafi. Abokan aikina suna sayen doya a cikin gari da tsada kamar magani, alhali can wajen Gwagwalada da Kwali manoman Gbagyi na sayar da ita ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya doya ɗari. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne kuɗin a-kori-kura, wanda ke lamushe ribar tun ba a sauke kaya ba. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. A ƙera mini 'yar tirela in riƙa ɗaura ta a bayan motata, irin waɗanda nake gani a bidiyo mutanen Amurka na ja, har da gado da kicin a ciki, suna yawon shan iska. Tawa dai doya ce za ta kwana a ciki.

Wani mai walda ya samo ƙafar baya ta wata tsohuwar Golf da ta gama zamaninta, ya ɗora mata akwatin ƙarfe, ya yi mata dogon wuya. Na sa aka shafa mata koren fenti, aka rubuta a bayanta: Hassada ga mai rabo taki. Ranar da na shigo da ita layinmu yara na bin ta da ihu, uwargida ta leƙo, ta ƙare mata kallo, ta ce, “Baban yara, barka da kawo amarya. Abin da ka kashe mata ya fi lefena.” Tun daga ranar sunan ya bi ta. Har maƙwabta, in mun gaisa, sai su ce, “Ya iyali, ya Amarya?”

Tafiyar farko ƙwarya ɗaya na ɗauko. Da na iso gida na zaga ina sha'awar kayana, sai na ga tayar dama ta yi wasu baƙaƙen layuka daga tsakiya zuwa gefe, kamar mace ta yi kuka da kwalli a ido. Na sunkuya na dafa tsakiyar tayar, wurin da makanikai ke kira hob, da tafin hannuna gaba ɗaya, yadda ake dafa goshin yaro. Ƙarar da na yi ta fito da mutanen gida uku. Kwana biyu da hagu nake sa hannu a takardun ofis.

Uwargida ta ce, “Ayya, Amarya zazzaɓi take yi?”

Ban kai ta gareji ba, kuma nan ne asalin labarin. Ina da digiri, ina da waya mai intanet, ga shi kuwa na riga na yi wa mutane alkawarin cewa wannan harka riba ce zalla. Dare uku ina kallon bidiyo. Na gano cewa a cikin hob ɗin akwai boris guda biyu, na ciki da na waje, kowanne da 'yan sandunan ƙarfe masu tsukakken kai da ke birgima a cikin zobe. Ana cika su da giris, a bayansu akwai zoben roba da ake kira sil wanda ke hana giris fita, a gaba kuma akwai washa da noti, da ɗan fin da ake cusawa ya hana notin kwancewa, sai 'yar hular ƙarfe ta rufe komai. Na kuma lissafa cewa taya ƙarama irin tata tana juyawa fiye da sau 500 a kowace kilomita. Ilimi ya samu. Abin da ya rage hankali ne, shi kuwa ban ci karo da bidiyonsa ba.

Tunanina na farko daga kicin na ɗauko shi. Ni tun ina yaro ban taɓa jin an ce miya ta lalace don mai ya yi yawa ba. Giris na fita, wuri na zafi, to giris ne ya yi kaɗan. Na je bakin titi na sayo rawaya a gwangwanin madara, wanda ake aunawa da cokali. Na ga bai isa ba, na ƙaro ja daga wani shago. Wani maƙwabcina ya ba ni ragowar shuɗi da yake sa wa injin markaɗensa. Na haɗa su uku na cakuɗa, na cusa a hob har babu masakar tsinke, na cika hular ita ma taf, na buga ta da guduma. Giris na tsartuwa ta gefe, ni kuwa ina murmushi irin na wanda ya ƙoshar da baƙo.

Sati na gaba, tun kafin in kai Giri, Amarya ta fesa wa koren fentinta ɗigo-ɗigo har saman akwati. A da kuka take yi, yanzu amai ne.

Sai na ɗaga tayar da jak, na kama ta sama da ƙasa na girgiza. Na ji ɗan motsi, ƙas-ƙas, wanda bai kai kaurin farce ba. Na ce yauwa, ga ɓarawon. Mai waldar nan bai ɗaure noti ba. Na kawo sifana na ɗaure. Na ga hannu ba zai wadatar ba, na zura wa sifanar bututun famfo mai tsawon kamu uku, na hau kai da ƙafa ɗaya na yi lilo, sai da na yi masa ɗaurin huhun goro. Tayar ta daina motsi, ta ma kusa daina juyawa, abin da na ɗauka alamar ƙarfi ce. Fin ɗin kuwa ya faɗa cikin yashi ya ɓace. Na duba na duba, na gaji, na ɗauko ƙusa 'yar inci uku na cusa na lanƙwasa.

Duk wannan aiki a gaban surukina na yi shi.

Uwargida ta haihu a makon, Baba ya taso daga Funtuwa don suna. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ga surukuta a tsakani, shekara goma sha ɗaya hirarmu ba ta wuce gaisuwa da labarin damina ba. Na san dai ya yi tuƙi a da. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne shekara talatin ya yi a kan gingimari, Kano zuwa Legas ta Mokwa da gadar Jebba, tun zamanin da direba shi ne makanikin motarsa in ta tsaya masa a dokar daji. Yana zaune kan tabarma a gindin mangwaro da carbinsa, yana kallona ina lilo a kan bututu.

Ya ce, “Sannu da aiki, Malam.”

Na ce, “Yauwa Baba.” Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma sai shaiɗan ya raya mini in nuna masa 'yarsa ba ta faɗa hannun jahili ba. Na goge hannu na matso na durƙusa, na fara yi masa bayani. Na ce wannan boris mai tsukakken kai wani Bature ne ya ƙirƙiro shi, Henry Timken, haifaffen Jamus, maƙerin keken doki a Amurka, ya yi masa rajista a 1898, domin keken doki in ya sha kwana nauyi kan tura taya gefe, shi kuwa wannan boris yana ɗaukar nauyin sama da na gefe lokaci guda. Na zana masa hoto a ƙasa da tsinke. Baba ya dubi zanen, ya dubi bututun, ya dubi ƙusar da ke leƙowa daga noti.

Ya ce, “Ikon Allah.”

Na tashi ina jin daɗi. Na shiga ciki na ce wa mai jego yau na burge Baba.

A nan sai in faɗi wani laifin da na ɓoye wa kowa. Duk lokacin da hob ya yi zafi a hanya, nakan tsaya in sayi ledar fiya wata biyu in fasa masa. Yakan yi cuuu, tururi ya tashi, in ji kamar likitan da ya ceci rai. Ga kuma layinmu, da damina kududdufi ne daga bakin kwalta har ƙofar gida, kullum Amarya na shigowa da zafinta ta tsunduma. Har na fara zargin ko baki ne ya kama ta. Wata rana na kalli uwargida da gefen ido na ce abin mamaki, tun da aka kawo tirelar nan ba ta yi lafiya ba. Ta ce, “Wallahi ban taɓa ta ba. Wadda ke da miji irinka ai ba ta buƙatar kishiya ta yi mata asiri.”

Ana jibi suna, na shirya zuwa Kwali. Doya ƙwarya uku, biyu na abokan ofis, ɗaya ta taron suna, sai kuma rago. Baba ya ce zai raka ni, wai yana so ya ga gari. Yanzu na gane ba gari ya je gani ba, rakiyar ragon jikansa ya yi. Aka loda doya har ta yi tozo, aka ɗaure rago a kai kamar sarki a kan karaga. Ƙafar Golf da aka yi don ta ɗauki mutum uku da jakunkunansu ta sami kanta ƙarƙashin abin da ya doshi tan guda. Baba ya zaga tirelar sau ɗaya, ya ce bismillahi, ya shiga gaba ya zauna.

Ranar Gwagwalada ta yi irin zafin da aka san ta da shi. Muna fitowa daga garin na ji carbin Baba ya ƙara sauri. Can ya sauke gilashi, ya ɗan karkata hanci waje.

“Malam, ko za mu tsaya a duba ragon nan?”

“Ai lafiyarsa lau Baba, ina hango shi ta madubi.”

Muka wuce Giri. Ya sake gyara zama.

“Malam, da mun ɗan tsaya mun sha iska.”

“Baba ai mun iso, sauran kaɗan.”

Mutum ya yi mini magana sau biyu da harshen manya, ni kuwa ina amsa masa da harshen sakarkaru. Wanda ya fassara mini shi ne wani ɗan acaɓa da ya jero da ni yana dukan ƙofa yana ihu, “Oga, wuta! Wuta a bayanka!” Na dubi madubi, ba rago ba doya, hayaƙi kawai. Kafin in gama sauka gefen titi sai na ji wani gurnani, tayar dama ta ƙame, ta ja baƙin layi a kwalta, ta kwanta gefe kamar mai gaida sarki. Doya kusan ashirin suka gangara kwalbati. Rago ya buɗe baki da iyakar ƙarfinsa.

Nan da nan aka taru. Wani ya tambaye ni ko gasasshiyar doya nake sayarwa. Ni kuwa na ruga wurin wata yarinya mai talla, na fizgo leda huɗu, na dawo a guje na sa haƙori zan fasa.

“Kai! Kada ka zuba!”

Na daskare da leda a baki. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin muryar Baba ta wuce ta mai karanta wasiƙa ba, kuma bai taɓa ce mini kai ba. Shi ma kamar ya ji kunyar kansa, ya sassauta ya ce, “Malam, ba ni ruwan in sha.” Ya sha ɗaya. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ta, ya ɗora a kujerar mota, ya naɗe hannun 'yar ciki. Wani mutum dabam ne ya fito daga cikin rigar nan.

Bai taɓa komai ba sai da ya zaga ta hagu, ya kai bayan hannunsa kusa da hob ɗin can, sannan ya taɓa. Ya dawo dama ya tsaya nesa. Ya ce direba kullum da bayan hannu yake gaisawa da ƙarfe, kuma ƙafa biyu ake tambaya: in duk biyun sun yi zafi, a tuhumi lodi ko gudu ko iskar taya, in ɗaya ce, ciwon na cikinta. Ya tambaye ni ko akwai birki a ƙafar. Na ce mai walda ya cire. Ya ce to an rage masu laifi, domin a babbar mota birkin da ya riƙe shi ake fara zargi, shi zafinsa daga gefen ganga yake tasowa, na boris kuwa daga cibiya. Ya kira wani yaron gareji da ke cikin 'yan kallo, ya aike shi Zuba da kuɗina: boris na ciki da na waje da zobbansu, sil, fin, kananzir, samfefa, da giris gwangwani ɗaya rufaffe. Ya ƙara da cewa, “Kala ɗaya.” Bai dube ni ba da ya faɗi haka, kuma rashin duban ya fi mari zafi.

Sai da muka yi awa guda ƙarfe na hucewa. Aka sa jak, aka cire hula. Abin da ya zubo ba ja ba ne, ba rawaya ba, ba shuɗi ba, wani ruwa ne mai kalar kunun kanwa da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Baba ya murza shi a yatsa. Ya ce giris iri-iri ba duka ke zama lafiya da juna ba, wani in ya haɗu da wani sai su tsinke su zama ruwa. Ya ce kuma hob ba tulu ba ne, in ka cika shi taf, giris ɗin ya rasa wurin motsi, sai ya yi ta dakan kansa yana zafi, ya kumbura, ya ture sil ya fita. Wannan fari-farin kuma ruwa ne: ƙarfe mai zafi in ya sha sanyi farat ɗaya, iskar ciki na tsukewa, ta zuƙo ruwan ta bakin sil. Ya ce, “Ko an taɓa shiga kududdufi da ita?” Na ce wani lokaci. Maganar fiya wata na bar ta a cikina, ko da yake leda uku na hannuna suna ba da shaida.

Da aka zo kan noti, yaron garejin ya ja ya ja, ya ce, “Wane mugu ne ya ɗaure wannan?” Ba wanda ya amsa. Ragon ne kawai ya yi kuka. Baba ya miƙe ƙusar da filaya, ya zaro ta, ya ɗaga ta sama ya juya ta a rana, sannan ya sa ta a aljihu.

Boris ɗin waje ya fito guntu-guntu, sandunan suka zube a ƙasa kamar gyaɗar da ta ƙone a kasko, sun yi shuɗi. Daga baya na koma ga wayata, tunda hali zanen dutse, na ga cewa hannun mutum ba ya jure abin da ya wuce digiri 60, giris na gama-gari yana narkewa wajen 190, ƙarfe kuwa ba ya yin shuɗi sai ya kai wajen 300. Wato na dafa Amarya sau uku kan abin da ake buƙata don tafasa ruwan shayi. Zoben ciki ya manne da sandar ƙafar, sai da guduma da cizal. Allah ya taimaka sandar ba ta lanƙwashe ba, Baba ya goge ta da samfefa, ya bi wurin zaman sil da farce yana neman inda ya kwarzane.

Sannan ya zauna a kan dutse ya yi abin da har yau nake gani a idona. Ya ɗebi giris kamar ƙwallon fura ya sa a tafin hagu, ya riƙe boris da dama, yana danna bakinsa cikin giris ɗin kaɗan-kaɗan, yana juyawa, har ya ɓullo ta sama tsakanin sanduna. Ya shafa kaɗan a cikin hob, ya bar sauran wurin fili. Abin da ya yi amfani da shi duka bai kai rabin abin da na cusa wa hula kaɗai ba. Ya mayar da komai, yana juya taya da hannu ɗaya yana ɗaure noti da ɗayan har boris ya zauna, sai ya sassauta, ya sake matsawa da yatsu kawai. Ya sa bakin sukundireba ya tura washa, ta ɗan gusa. Ya ce in washa ba ta gusa ba an shaƙe shi, domin ƙarfe in ya ɗumama kumbura yake yi, dole a bar masa wurin numfashi. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza.

Ƙas-ƙas. Ɗan motsin nan dai da na hau bututu don in kashe.

Ya ce, “Ka ji wannan, Malam? Lafiyarta ke nan.” Ya cusa sabon fin ya buɗe ƙafafunsa. Sannan, yana wanke hannu da kananzir, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, “Shi Baturen naka mai keken doki, bai faɗi wannan ba?”

Sawu biyu muka yi kafin doya ta iso gida, bisa umarninsa, kuma kowane sawu sai da muka tsaya na fita na gaida ƙafafun Amarya da bayan hannu. Da muka shiga gida ya mayar da babbar rigarsa, ya koma tabarmarsa, ya koma surukina mai gaisuwa da labarin damina. Uwargida ta tambaye shi yadda hanya, ya ce lafiya lau, Malam ya iya tuƙi. Aka yi suna, aka ci rago, aka sa wa yaro sunansa, ya koma Funtuwa. Na ce a raina, dattijon arziki, ya rufa mini asiri.

Bayan sati uku ƙanin matata ya bugo waya. Muka gaisa, ya tambayi mai jego da jariri, ya tambayi jikin Amarya. Sai ya ce wai tsofaffin direbobin da ke zama da Baba a bakin tasha sun ce a gaishe ni, kuma suna tambaya ko ina da irin ƙusar nan 'yar inci huɗu, akwai wani mai tanka da ke son gwadawa.